Awon ƙasa da leza: yadda ake samun faɗi ba tare da an rasa gindin kwari ba

Duk wanda ya zo tallar aikin laida, wato awon ƙasa da hasken leza daga sama, lamba ɗaya yake fara faɗa: ɗigo kaza, wato wuraren da haske ya taɓa aka auna, a kowane murabba'in mita. Wani ya ce 200, wani 300, wani ma ya kai 500. Mai ba da kwangila sai hankalinsa ya kwanta, ya sa hannu. Ranar da injiniya ya buɗe taswirar domin ya zana magudanar ruwa, sai ya tarar gindin kwarin da aka yi aikin dominsa babu ɗigo ko ɗaya. Manhaja ce ta ja layi daga wannan gaɓa zuwa waccan, ta shafe wurin sumul. Lambar da aka faɗa masa ba ƙarya ba ce, matsakaicin filin gaba ɗaya ne, kuma akasarin ɗigon sun zube a kan rufin kwano da ganyen darbejiya.

A Gombe, inda zaizayar ƙasa ta raba unguwanni da kwazazzabai masu tsayayyun gaɓoɓi, da Bauchi mai duwatsu a tsakiyar gonaki, wannan matsalar ta fi fitowa fili fiye da a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Lissafinta kuwa ana iya yinsa a bayan ambulan tun kafin a caja batir.

Na'urar tana harba guntun haske ne, ta ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a sakan, don haka nanosakan ɗaya, kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, daidai yake da nisan santimita 15, tunda tafiyar zuwa da dawowa ce. Nisa kaɗai ba ya zama ɗigo a taswira. Sai an haɗa shi da inda jirgin yake a wannan lokacin, wanda GPS ke faɗa, da yadda ya karkata, wanda na'urar jin karkata ke faɗa, da kusurwar da madubin da ke cikin na'urar ya jefa hasken. Kowanne a cikinsu yana da nasa kuskuren, kuma tsayi yana hura su duka.

Lissafin ziri

Ɗauki jirgi mara matuƙi a tsayin mita 100, na'urarsa na share digiri 70, wato 35 hagu, 35 dama. Zirin da zai share a ƙasa yana da faɗin mita 140. In yana gudun mita 10 a sakan, murabba'in mita 1,400 yake ci kowane sakan. Na'urar da ke harbi 240,000 a sakan za ta ba da ɗigo kusan 170 a murabba'in mita, tazarar santimita 8 ke nan tsakanin ɗigo da ɗigo. Ka hau mita 200, ziri ya zama mita 280, ɗigo ya faɗo 85. Ka ninka gudu, ya sake rabewa biyu. Mudu ɗaya ne na iri a hannunka, in ka faɗaɗa gona dole shuka ta yi tazara.

A kula da wani abu wajen karanta takardar na'ura. Masu juyawa zagaye guda, digiri 360, irin waɗanda aka fara ƙerawa domin motoci, suna harba akasarin haskensu gefe da sama. In digiri 70 kaɗai za ka yi amfani da shi, kashi ɗaya cikin biyar na lambar da aka rubuta ne ke sauka inda kake so.

Sannan ziri ba ya tsayawa shi kaɗai, dole ya hau kan maƙwabcinsa. Da hawan kashi 30 cikin ɗari, tazarar layukan tashi mita 98 ce, kuma minti 20 na aiki zai ba ka hekta kusan 118 a takarda, kafin a cire juyawa da hawa da sauka. Da hawan kashi 50, tazara ta koma mita 70, hekta ta sauko 84. Mutane na ganin wannan asara ce. A ganina shi ne kuɗi mafi amfani da ake kashewa a aikin, domin da kashi 50 kowane taku na ƙasa an kalle shi daga ɓangare biyu.

Abin da ke hana ɗigo zama kaifi

Na farko faɗin sawun hasken. Leza na buɗewa yayin da take tafiya. Mai buɗewar miliradiyan ɗaya, ma'aunin ƙaramar kusurwa, tana sauka da faɗin santimita 10 daga mita 100. Masu araha akwai mai miliradiyan 3, sawunta santimita 30. Ɗigo 170 a murabba'in mita, kowanne da sawun santimita 30, sun hau kan juna sau da yawa, abu ɗaya suke ta maimaitawa. Tsagar da ke bakin kwari mai faɗin santimita 10, wadda ita ce alamar gaɓar za ta rufta a damina mai zuwa, ba za ta fito ba ko da an ninka harbin sau goma. A kan gangara abin ya fi muni. Sawun santimita 30 da ya sauka a bango mai gangaren digiri 60 ya shafi tsayin fiye da rabin mita, amma lamba ɗaya na'urar za ta rubuta.

Na biyu tsawon harbin kansa. Harbi ɗaya na iya dawo da amsa da yawa: ganye, reshe, sannan ƙasa. Amma na'ura ba ta raba amsa biyu sai in tazararsu ta kai kusan rabin tsawon guntun hasken. Harbin nanosakan 4 yana buƙatar wajen santimita 60. Ciyawar da ba ta wuce gwiwa ba da ƙasar da ke ƙarƙashinta za su narke su zama amsa ɗaya, ɗigon ya tsaya a tsakani, taswira ta ɗaga ƙasar sama da inda take. Shi ya sa na'ura mai alfahari da amsa biyar take aiki da kyau a ƙarƙashin dogayen itatuwa, ta kuma sha kaye a saura mai gajeren ciyayi.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, kuskuren karkata. Digiri 0.05 kamar ba komai ba ne, amma daga mita 100 yana gusar da ɗigo kusan santimita 9 gefe. A fili shimfiɗaɗɗe ba za ka gani ba, tunda duk inda ɗigon ya gusa tsayin ɗaya ne. A bangon kwari mai digiri 60, gusawar santimita 10 ta zama kuskuren tsayi na santimita 17. Wannan ne dalilin da za ka ga rahoto ya ce kuskure santimita 3 ne kacal, alhali a filin ƙwallo da kan kwalta aka gwada, ba a je inda ƙasa ta karye ba.

Inuwar kwari

A nan ya kamata mai shirya tashi ya fi daɗewa. Ɗauki kwari mai zurfin mita 12, faɗin mita 8, gaɓoɓinsa a tsaye. In ya faɗo a bakin ziri, inda haske ke zuwa a karkace da digiri 35, gaɓar da ke kusa da jirgin tana jefa inuwar mita 8.4. Gindin gaba ɗaya ya ɓuya. In ya faɗo a digiri 15, inuwar mita 3.2 ce. Sai in jirgin yana bisa kansa daidai ne ake ganin gindin duka, a lokacin kuma bangon ne ba a gani da kyau, domin hasken yana goge shi ne yana wucewa.

Maganin ba ya cikin sayen na'ura mai tsada, yana cikin yadda aka ja layuka. Madubi yana shara ne a gicciye da tafiyar jirgi. In ka tsallaka kwarin a gicciye, sharar tana bin tsawonsa, haske ya shiga gindi daga farkon ziri har ƙarshe ba abin da ya tare shi. In ka bi tsawonsa, layi ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, kowane layi zai ga bangon da ke fuskantarsa sosai. Don haka kwarin da ake son a san yawan ƙasar da ya cinye yana buƙatar duka biyun: layukan gicciye domin gindi, layuka biyu masu bin gaɓa domin bango. Kwari kuma ba ya tafiya a miƙe, yana lanƙwasa yana yin rassa, shi ya sa a irin wannan wuri ake yin tashi biyu masu gicciye da juna a kan filin duka, a rage gudu zuwa mita 5 ko 6.

Irin sharar ma tana da tasiri. Madubi mai lilo yana zana zigzag, yana rage gudu a bakin ziri, sai ɗigo ya taru a gefe inda ya fi rauni. Madubi mai fuskoki da yawa da ke juyawa yana ba da layuka jere daidai wa daida. Akwai mai zana da'ira, wanda ke kallon gaba da baya, kowane wuri ya gan shi sau biyu a wucewa ɗaya, yana kama bangon da ke gaba da na baya. Wasu ƙananan na'urori suna da salo biyu, mai maimaita layi da mara maimaitawa mai zana kamar fure. Mara maimaitawa ya fi kama bango da turakun wuta, mai maimaitawa ya fi daidaito a tsayin ƙasa.

Akwai wurin da duk dabarar sama ba ta kaiwa: inda ruwa ya ci ƙarƙashin gaɓa ya bar baki a rataye. Wannan sai an sauka da na'urar ƙasa mai ƙafa uku ko ta hannu, a haɗa sakamakon da na sama ta alamomin da duka biyun suka gani. Lungunan tsohon gari, inda katanga ke fuskantar katanga da tazarar mita biyu, lissafinsu ɗaya da na kwari.

Yawancin masu aiki da hankali suna yanke bakin ziri bayan an sauka, su bar digiri 25 ko 30 kowane gefe. A digiri 35 hasken ya yi tafiyar mita 122 maimakon 100, ya dawo da rauni, sawunsa ya miƙe, kuskuren karkata kuma ya koma na tsayi. In ka san za ka yanke, da zirin da zai rage za ka lissafa tazarar layi. In ba haka ba, ka yanke ka tarar da giɓi.

Dutse na yin nasa ɓarnar ta wata hanya. Ka saita mita 100 daga inda ka tashi, layuka da tazarar mita 98. Tudu ya taso mita 40 a gabanka, kamar yadda ake samu a kewayen Bauchi ko ƙasar Tangale wajen Kaltungo. A kansa tsayinka ya koma mita 60, ziri ya tsuke zuwa mita 84, tsakanin kowane layi biyu an bar mita 14 ba ɗigo. Dole jirgi ya riƙa bin tashin ƙasa. Manhajojin tsara tashi suna yin haka da taswirar tsayi ta kyauta, irin ta SRTM da aka ɗauka da rada a Fabrairun 2000 ko ta Copernicus, amma duka biyun gidan mita 30 gare su, wato tsayi ɗaya suke bayarwa ga kowane fili mai mita 30 tsawo da faɗi, suna aske kan dutse mai tsini, kuma ba su san da turken sadarwa ba. A bar rata, a kuma je a gani da ido.

Lokacin tashi

Ganye shi ne babban abokin gaba in ƙasa ake nema. Haske ba ya huda ganye, ta ƙofofin da ke tsakani yake bi. A ƙarshen damina, gamba ta fi mutum tsayi, dawa na tsaye, ɗigon da zai taɓa ƙasa kaɗan ne. Bayan girbi, in an kwashe kara, itatuwa irin su kuka sun zubar da ganye, aikin ya fi kyau nesa ba kusa ba. Sai dai gawo nasa a juye yake, da rani yake yin ganye, mangwaro da darbejiya kuwa ba sa tuɓewa. Kurmin da ke bin kogin Gaji a Yankari haka yake a rufe kusan ko yaushe. A irin waɗannan wurare a sauko ƙasa-ƙasa, a rage gudu, a tsuke kusurwa, a ƙara hawan ziri, domin kowane kallo daga sabon ɓangare wata dama ce ta samun ƙofa.

Rani kuma yana zuwa da hazo. Ƙura na warwatsa haske a zuwa da dawowa, nisan da na'ura ke iya kaiwa ya ragu, wani lokaci ma ƙurar kanta ta dawo da amsa, ka ga ɗigo na shawagi a sama ba a kan komai ba. Nisan da aka rubuta a takardar na'ura na iska mai tsabta ne da abu mai haske. Gonar da aka ƙona ta yi baƙi da sabuwar kwalta suna shanye haske, su ne za su fara ɓacewa. Ƙarfin amsar ƙasa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu in an ninka tsayi. Na siririn abu kamar waya yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Mai duba layin wuta, irin babban layin kilobolt 330 da ya taso daga Jos zuwa Gombe, zai ga ƙasa tana nan lafiya a taswirarsa, wayar ce ta yanke-yanke.

Tunda leza da haskenta take zuwa, wasu kan ce a tashi da dare a huta da zafi da iska. Ko da izini ya yarda, akwai matsala. Nijeriya na kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, kuma bayan faɗuwar rana sararin sama na can ƙoli yana hargitsewa, siginar GPS ta riƙa rawa, musamman wajen Maris da kuma Satumba zuwa Oktoba. Sassafe ya fi: iska a kwance, batir bai sha rana ba. Batun izini kuwa, jirgi mara matuƙi na aiki yana buƙatar amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ta ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, kuma iyakar tsayin da aka ba ka tana cikin lissafin faɗin da za ka iya ci.

Ruwa rami ne a taswira. Yawancin na'urori suna aiki da hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zangon nanomita 905, 1064 ko 1550 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma ruwa na shanye shi ko ya tunkuɗe shi gefe. Tafkin Dadin Kowa zai fito ne da 'yan ɗigo a ƙarƙashin jirgi kawai. Sai an zana bakin ruwa da hannu an ba shi tsayi ɗaya. Koren haske mai nanomita 532 yana shiga ruwa, amma gwargwadon garau ɗinsa. Gongola da damina, mai launin kunu, ba ta barin sa ya yi nisa. Mai 1550 ya fi sauƙi ga ido, shi ya sa ake barin a ƙara masa ƙarfi, amma jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi shanye shi.

In fili ya wuce ƙarfin ƙaramin jirgi

Ƙaramar hukuma guda ko kwarin kogi gaba ɗaya aikin jirgi mai matuƙi ne. A tsayin mita 1,500 da kusurwar digiri 40, ziri ya kai kusan mita 1,090. Da gudun mita 70 a sakan da harbi 500,000, ɗigo 6 zuwa 7 za a samu a murabba'in mita. Kada a raina wannan. Ma'aunin da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ɗauka a matsayin mafi ƙaranci domin taswirar ƙasarta ɗigo 2 ne da kuskuren tsayi na santimita 10, mataki na sama da shi kuma ɗigo 8.

A wannan tsayin wata matsala ke tasowa. Haske na buƙatar maikurosakan 10, kashi 10 cikin miliyan na sakan, ya je ya dawo, na'ura kuwa tana harbi kowane maikurosakan 2. Harbi biyar ke nan a iska lokaci ɗaya, amsar da ta dawo ta wanne ce? Tsofaffin na'urori jira suke yi, shi ya sa harbi 100,000 a sakan ya tsaya a nisan mita 1,500. Na yanzu suna ɗan sassauya tazarar harbin, manhaja ta gane kowace amsa daga salon. In ta yi kuskure, ɗigon zai tsallake da mita 300 cif, sama ko ƙasa. Ganin tarin ɗigo a rataye da tazara iri ɗaya alamar wannan ce, kuma ta fi faruwa inda tudu ya sauya nisa farat ɗaya.

Hanya ta biyu ta ƙara faɗi ita ce a rage hasken da ake buƙata. Akwai na'urori masu jin ƙwayar haske ɗaya tak. Leica SPL100 tana raba harbi ɗaya zuwa zare 100, ta kai ɗigo miliyan 6 a sakan daga can sama. Wasu kuma, masu salon Gaiga, suna da dubban ƙananan idanu a faranti ɗaya. Farashin wannan shi ne hayaniya. Idon da ke jin ƙwaya ɗaya yana jin ta rana ma, sai an tace da lissafi, a bar wuraren da ɗigo suka taru a zubar da na warwatse. Tacewar kan tafi da siraran abubuwa, kuma a ƙarƙashin kurmi ba su cika kamo na gargajiya ba.

Daga sararin samaniya ma akwai leza, bayananta kuma kyauta ne. Tauraron ɗan adam ICESat-2 na hukumar NASA ta Amurka, wanda aka harba a Satumban 2018, yana harbi 10,000 a sakan da zare shida, bibbiyu, tsakanin kowane biyu da na kusa da su kilomita 3.3. A kan layinsa ɗigo na sauka kowane santimita 70, amma tsakanin layuka ba komai. GEDI, da aka kai tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Disamban 2018, sawunsa mita 25 ne, tazarar mita 60 a kan layi, mita 600 tsakanin layuka. Ba za su zana maka kwari ba. Amfaninsu shi ne a gwada tsohuwar taswira da su, ko a haɗa su da hotunan tauraron ɗan adam Sentinel-2 masu gidan mita 10 a ƙiyasta tsayin itatuwa a faɗin daji kamar Yankari.

Aikin ƙasa

Duk kyan tashi, in tashar GPS ta ƙasa ba ta zauna daidai ba, aikin ya karkace gaba ɗayansa. A kafa ta a kan turken da aka san lambobinsa, kusa da fili, cikin kilomita 10 in da hali, domin kowace kilomita tana ƙara wajen milimita ɗaya a kan kuskure. A auna tsayin eriya sau biyu a rubuta. A tambayi tsarin lambobin tun farko. Tsofaffin takardun safiyo a kan ma'aunin Minna suke, GPS kuwa ma'aunin duniya na WGS84 yake bayarwa, tsakaninsu gomman mitoci. Tsayin da GPS ke faɗa shi ma ya bambanta da tsayi daga teku da fiye da mita goma a wannan yanki, sai an gyara da samfuri irin EGM2008. Bauchi da Gombe duka suna shiyya ta 32 ta tsarin lambobin taswira na UTM. Cibiyar nazarin awon duniya da ke Toro a jihar Bauchi tana nan kusa ga mai neman shawarar masana.

Na'urar jin karkata tana gajiya da dogon layi miƙaƙƙe, musamman ta fuskar da jirgi ya dosa. Tana buƙatar motsi kafin ta gane kanta, shi ya sa ake zana lamba 8 a sama kafin a fara da bayan an gama, ake kuma gajarta layuka. Zaman leza a jikinta shi ma ba ya taɓa zama cif. Karkatar digiri 0.1 tana ɗaga bakin ziri santimita 12 a mita 70 daga tsakiya, ta sauke ɗaya bakin haka. Gwajin mai sauƙi ne: a bi ta kan gidaje masu rufi mai doro, zuwa da dawowa a layi ɗaya, sannan a gicciye. A yanka ɗigon a kalle su ta gefe. In ƙasar ziri biyu ta gicciye da juna, karkatar gefe ce. In doron rufi ya fito biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ta goshi ce. In tsakiya daidai ne amma gine-ginen bakin ziri sun gusa, ta juyin kai ce. Duk lokacin da aka cire na'ura aka mayar, ko jirgi ya yi muguwar sauka, a sake.

Bayan an sauka sai raba ɗigon ƙasa da na sama. Manhajojin CloudCompare da PDAL kyauta ne, manhajar taswira ta QGIS ma yanzu tana buɗe fayilolin ɗigo na LAS da LAZ. Amma matatar da ke wannan aikin tana ɗaukar duk abin da ya tashi farat ɗaya a matsayin gini. Tana aske leɓen kwari, tana cire manyan duwatsun Bauchi kamar ɗakuna ne. A sassauta ta, sai ta bar gajerun katangu da tarin kara. Saiti ɗaya ba ya yi wa fili duka. A raba shi yanki-yanki, gaɓoɓin kwari kuwa a bi su da hannu.

Girman gidan taswira daga ɗigon da suka taɓa ƙasa ake zaɓarsa. Kunyar gona mai tazarar santimita 75 zuwa mita ɗaya tana buƙatar gidan santimita 25 kafin ta fito, gida 16 ke nan a murabba'in mita. Ko ɗigon ƙasa sun kai 16, tunda a warwatse suke sauka, sama da kashi ɗaya cikin uku na gidajen za su tashi fanko. Sai an samu ninki biyu ko uku. Wanda ya matse gidan zuwa santimita 5 da ɗigon ƙasa 10 hoto mai kyau ya yi, amma akasarinsa ƙirƙirar manhaja ce. Mai lissafin ambaliya kuma ya tuna leza ba ta ganin cikin kwalbati. Hanya za ta fito kamar madatsa, ruwa ya taru a bayanta a kwamfuta, sai an auna kowane kwalbati a ƙasa an huda shi a taswirar.

Masu son sanin yadda kwari ke ci daga shekara zuwa shekara su yi wannan lissafin kafin su fitar da sanarwa. Awo biyu, kowanne da kuskuren santimita 10, bambancinsu yana da kuskuren santimita 14, kuma kafin a amince da sauyi kashi 95 cikin ɗari sai ya kai santimita 28. Gocewar santimita 5 kacal a tsayin tashar ƙasa tana ƙirƙiro kubik mita 500 a kowace hekta, lodin tifa 50 mai ɗaukar kubik 10, na ƙasar da ba ta motsa ba. A fara daidaita awon biyu a kan abin da bai sauya ba, kwalta da daɓen siminti, tukuna a debe.

Saboda haka in za a rubuta takardar kwangila, a rubuta yawan ɗigon ƙasa bayan tacewa, a gindin kwari da ƙarƙashin itatuwa, a rubuta faɗin sawu da iyakar kusurwa. A nemi taswirar da ke nuna gidajen da ba ɗigo, da wadda ke nuna saɓanin tsayi tsakanin ziri da ziri. Wuraren gwaji 20 zuwa 30 wani safiyo daban ya auna su, kada a miƙa wa ɗan kwangila lambobinsu sai ya kawo aikinsa, kuma a sa wasu a cikin ciyawa, wasu a gindin kwari. A karɓi ɗanyen fayil na GPS da na na'urar karkata tare da na ɗigon, domin in daga baya aka gano tashar ƙasa ta goce, da su za a sake lissafi ba sai an sake tashi ba.